Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba



Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Wanda ke son Windows 11 kuwa, sai kwamfutarsa tana da guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa sabuwa. Ku dubi shagunan buga takardu daga Ƙofar Dawanau har Kurna: galibin kwamfutocinsu na hannu ne, waɗanda aka sha wuya kafin a saya. Lafiyarsu lau, amma sharaɗin ya bar da yawansu a baya.

Wannan abin yana ci mini rai, domin akwai mafita. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, tana ƙarƙashin lasisin GPL. Lasisin ya halatta maka ka kwafa, ka gyara, ka raba wa maƙwabcinka, muddin ka bar masa wannan 'yancin shi ma. Nau'o'inta irin su Lubuntu suna tashi a tsohon inji, manhajar LibreOffice kuma tana buɗe takardun Word.

Koyo zai ɗauki lokaci, wasu firintocin ma sai an lallaɓa. Masu gyara na titin Beirut, ku fara koya wa yaranku ɗora Linux.