Wa Ya Taɓa Na'urar Jiya?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



Da sakatare ya ce in yi magana a kan aikina, na ce masa mutane za su yi gyangyaɗi. Ya ce ba komai, ai mun saba tun a ajin lissafi na bayan azahar.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aiki a sashen kwamfuta. Duk ranar da na'ura ta tsaya, jama'a kan ɗora laifin a kan 'yan kutse ko rashin wuta. Ni kuwa tambayata ta farko ita ce, wa ya taɓa wani abu jiya? Galibi amsar tana nan.

A kaina na koyi wannan. Wata Alhamis da yamma, ana gobe za a biya albashi, na ga wani ɗan gyara da ya kamata a yi wa manhajar albashi. Layi biyu ne kacal. Na gyara, ban gaya wa kowa ba, ban ajiye kwafin tsohon ba, na kama hanyar ɗaurin aure a ƙauyenmu, inda waya ba ta shiga. Washegari lissafi ya ƙi fita. Abokan aikina suka kwana biyu suna lalube, domin ba wanda ya san an canza komai. Sai Talata aka biya mutane. Ran Litinin masinjanmu, dattijo ne, matarsa tana kwance a asibiti, ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Yallabai, yaushe?" Har yau ina jin kunyar wannan tambaya.

Kada ku ɗauka ƙananan ma'aikatu kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital mai cinikin hannun jari a Amurka ya fara aiki da sabuwar manhaja. Manyan kwamfutoci takwas ya kamata a ɗora ta a kai, ma'aikaci ya tsallake ɗaya, kuma ba a sa wani ya duba bayansa ba. Wannan ɗayar ta riƙa saye da sayarwa bisa tsohon umarni. Cikin kimanin minti 45 suka yi asarar fiye da dala miliyan 400. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma, kamfanin CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan sabuntawa a lokaci guda. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 suka tsaya. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka, kuma da yawa sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa da hannu.

Bayan abin da ya faru da ni, muka buɗe rajista. Kafin ka taɓa komai sai ka rubuta abin da za ka canza, dalili, wanda zai shafa, da yadda za ka koma baya idan ya ƙi. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi ƙyuyar cikawa, kuma shi ya fi cetonmu. Sai wani abokin aiki ya karanta ya sa hannu. A gwada a kwamfutar gwaji, sannan a ofishi ɗaya, kafin a kai ga kowa. Makon albashi da jajibirin hutu kuwa ba a taɓa komai, sai dai gaggawa.

Amma mun yi wani kuskuren. Da zafin abin, muka kafa kwamiti mai zama duk mako biyu, muka ce ko buɗe wa sabon ma'aikaci akwatin wasiƙa sai ya amince. Me ya faru? Yaran suka koma yin gyara a ɓoye, rajista ta zama fanko. Wasu kuma suka riƙa tara canje-canje goma su sake su dare ɗaya, in abu ya lalace ba a san wanne ne ya jawo ba. Dole muka raba. Ƙaramin aikin da aka saba yi, ka rubuta ka wuce. Babba ya je kwamiti. Na gaggawa a kira mutum ɗaya ya amince, a cike takarda da safe. Muka kuma daina neman wanda za a hukunta idan an yi kuskure, domin mai tsoron takardar tuhuma ba zai taɓa cewa shi ya taɓa ba.

Malaminmu na kimiyya yana zaune a gaba, na ga yana murmushi. Malam, ka sha korarmu daga ɗakin gwaji saboda mun ɗauki kwalba ba mu rubuta a littafi ba. A lokacin mun ɗauka tsanani ne.

Roƙona ga shugaban taro shi ne, kwamfutocin da za mu ba makaranta bana a haɗa su da babban littafin rajista mai bango mai ƙarfi. Ni zan saya, kuma zan zo wata Asabar in nuna wa malamin da ke kula da ɗakin yadda ake cika shi.