TAMOWA: CIWON YARON DA AKA YAYE



Batun da ya tara mu a yau shi ne tamowa, watau ciwon da kan kama yaro idan abincinsa ya kasa ba shi ƙarfi da abin gina jiki. Iri biyu ce. Akwai ta ƙanjamewa, wadda kan busar da yaro har fuskarsa ta koma kamar ta tsoho. Akwai kuma ta kumburi, wadda likitoci ke kira kwashiyoko: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta riƙa saɓulewa. Wannan ta fi yaudara, domin uwa kan zaci ƙiba ce.

Likita Cicely Williams ce ta bayyana ta a 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Gana, sa'an nan a 1935 ta aro sunan daga harshen Ga, ma'anarsa ciwon yaron da ƙani ya ture daga nono. Mu ma ai mun san kwanika.

A ganinmu, wajen yaye ɓarnar take. A cire yaro daga nono rana guda, a bar shi da tsinkakken koko, cikinsa ya cika da ruwa alhali jikinsa na jin yunwa. Ga gyaɗa, ga wake, ga zogale a bayan gida, amma sai kasuwa ta cinye. Ƙwai kuwa wasu har hana shi suke yi, wai kada yaro ya tashi ɓarawo! Abin da ya kamata shi ne nono zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, tare da kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko waken soya da ɗan man ja. A ba shi sau huɗu ko biyar a yini, a kwanonsa shi kaɗai, kada yayyensa su rigaye shi.

To, idan ciwon ya yi tsanani, ɗura abinci mai nauyi na iya kashe yaro. A asibiti akan fara da madara mai sauƙi, F-75, kaɗan-kaɗan, kafin a koma ga tunkuzar gyaɗa irin Plumpy'Nut, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, ta kuma ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005.

Duk wanda aiki ya kai ƙauye a cikinmu, ya riƙe wannan: yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, in kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko aka danna ƙafafunsa yatsa ya bar gurbi, a kai shi asibiti ran nan.