Kwamfuta Biyu, Kebul Ɗaya, Amma Shiru



A makon jiya wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, nan Wudil, ya shigo mini da yamma ransa a ɓace. Saura kwana biyu ya gabatar da aikinsa na kammalawa, aikin kuma na buƙatar kwamfuta biyu su yi magana ta kebul ɗin siriyal. Ya ce, "Yaya, na haɗa komai, na buɗe PuTTY, allo baƙi ƙirin." Har ya yanke shawarar ya yi sammako ya tafi Kano, Farm Centre, ya sayo sabbin kaya. Na ce masa zauna tukuna, mu bi abin ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, ku fahimci tsarin. Sunansa RS-232, tun 1960 ake amfani da shi, kuma har yau yana nan a jikin na'urorin intanet da injinan masana'antu. Kan kebul ɗin yana da ƙafa tara, amma uku ne ke ɗauke da aikin: ta 2 kunne ce, ta 3 baki ce, ta 5 kuma ita ce ƙasa. To ga inda gizo ke saƙar: kowace kwamfuta bakinta na kan ƙafa ta 3. Idan kebul ɗinka miƙaƙƙe ne, ka haɗa baki da baki, kunne da kunne ke nan. Wa zai ji wani? Abin da ake buƙata kebul ne mai giciye, wanda 'yan kasuwa ke kira nal-modem: 2 ta tafi 3, 3 ta dawo 2, 5 ta zauna a 5. A ido ba ka bambance su, sai ka sa mita.

Amma kafin mu zargi kebul, sai da muka gwada kowace kwamfuta ita kaɗai. Ka samu ɗan guntun waya, ka haɗa ƙafa ta 2 da ta 3, sannan ka buga haruffa. In sun fito a allo, wannan ɓangaren lafiyarsa lau. In ba su fito ba, duba ko ƙofar da ka zaɓa ce daidai. A Windows ka leƙa Device Manager ka ga COM nawa ce. In da na'urar USB ka jona, tabbatar direbanta ya hau, ko CH340 ce, ko Prolific, ko FTDI. A Linux yawanci ttyUSB0 ce, kuma a Ubuntu sai an sa ka cikin rukunin dialout kafin ta buɗe maka.

Duk biyun suka ci jarrabawa. Muka sa mita a kebul, sai ga shi miƙaƙƙe ne. Muka buɗe kai ɗaya, muka musanya wayoyi biyu da dalma. Shi ke nan? Ina! Sai wasu haruffa marasa kan gado suka cika allo. Wannan kuwa albishir ne: saƙo na isowa, gudu ne bai zo ɗaya ba. Ɗaya na kan 9600, ɗayar na kan 115200. Muka mayar da su 9600, 8-N-1, muka kashe Flow control a duka biyun. Masu minicom ku kula, shi a kunne yake zuwa.

Yaron ya buga "salam", ya ce bai ga komai ba. Na ce, kalli ɗaya allon mana! Ai can take fita.

Gargaɗi ɗaya: kada ka jona wannan kebul kai tsaye da ƙafafun Arduino ko Raspberry Pi. Wutar RS-232 tana iya kai bolt 15, su kuwa 5 ko 3.3 suke ɗauka. Sa MAX3232 a tsakani, in ba haka ba ka yi asara.

Ƙanen nawa ya gabatar da aikinsa, kuɗin mota kuma ya sha shayi da su. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, in Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu amsa. Ku huta lafiya.