Ledar da ke Ƙona Amfilifaya



Yau maganarmu a kan amfilifaya ce, ta masallaci da ta gidan biki. Malam mai gyara, kula da abin da kake sawa tsakanin taransisto da ƙarfen da ke shanye zafinsa. Wurin nan ba na leda ba ne, ba na salatif ba ne. Zafin bazara na taruwa da na na'ura, leda ta narke, wuta ta tsallaka, kaya su ƙone ana tsakiyar huɗuba.

Maika ake sawa, siririn dutsen nan mai ɓarewa falle-falle. Yana barin zafi ya wuce, ya tare wuta. A shafa masa farin man nan mai taimaka wa zafi wucewa, kaɗan kawai. Manyan na'urorin watsa shirye-shirye kuwa, tangaran ake haɗa musu.

In ka shiga kasuwar Sabon Gari sayayya, tambayi maika.