Wuta Da Kiwo: Ina Gamba Ta Tafi?

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Duk wanda ya bi hanya daga Kudan zuwa Makarfi har Ikara da rani zai ga daji baƙi ƙirin. Gamba da kyasuwa sun ja baya, tafasa da tumfafiya, waɗanda shanu ba sa sha'awa, sun gaje wurin. Wasu na zargin wuta, wasu makiyaya. Ni kuwa a ganina, matsalar tana ga lokaci da yawan abin.

Wutar farkon kaka, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, lasar ƙasa kawai take yi ta wuce. Ta watan Fabrairu ko Maris, wadda masu farautar gafiya ke cinnawa, ita ke cinye 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya da suka fara tasowa. An gwada haka a dajin Olokemeji da ke Kudu tun daga 1929, aka tarar itatuwa sun fi halaka a filin da ake ƙonawa a makare.

Haka kiwo yake. Matsakaici yana rage doguwar ciyawa, ƙananan tsirrai su sami rana, ga taki. Amma da rake da tumatir suka cika fadamunmu, gonaki suka ci burtali, sai dabbobi suka taru wuri guda, suna cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A tsaunukan Sikotilan da arewacin Ingila akwai wani guntun tsiro mai suna heda, wanda ake ƙonawa yanki-yanki, a bar kowane yanki ya huta shekara goma ko fiye. Inda tumaki suka yi yawa, hedar kan ɓace, ciyawa mai kaushi ta mamaye.

Cikinmu akwai malaman gona da kansiloli da masu sarauta. Mu zauna da dagatai da arɗo-arɗo, a share hanyar tare wuta, a hana wutar rani, a riƙa hutar da makiyaya bi da bi. Dokar wuraren kiwo ta 1965 ba za ta tsare kanta ba. In muka yi sake, jikokinmu sai sun sayi kalwa daga nesa.