Jan Ido da Tsananin Cutar Korona: Lacca ga Ma'aikatan Lafiya a Ashige

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka bari in shiga magana kai tsaye.

Ba sai na maimaita muku tarihin korona ba. Kun san an tabbatar da shigowarta Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, kun kuma san Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayun 2023. Abin da ya kawo ni shi ne gardamar da na daɗe ina yi da wasu abokan aikina likitoci: in majiyyaci ya zo da zazzaɓi da tari, idonsa ya yi ja yana zubar da ƙwalla, sai a ce afolo ce, a rubuta masa maganin ɗigawa, a sallame shi. Ni kuwa na ce a irin wannan majiyyaci ido gargaɗi yake yi.

Ga hujjata. A farkon 2020, wani mai bincike mai suna Guan da abokan aikinsa sun tattara bayanan majiyyata 1,099 daga asibitocin ƙasar Sin, suka buga a mujallar New England Journal of Medicine. Mutum 9 kacal aka samu da jan ido, wato ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Masu musu da ni a nan suke tsayawa, su ce ai ka ga ba wani abu ba ne. To, ku ƙarasa karatun mana! Cikin mutum 926 da cutar ba ta yi wa tsanani ba, 5 ne ke da jan ido. Cikin 173 da ta kwantar da su sosai, 4 ne. Ku yi lissafin da kanku: wajen ɗaya cikin 185 a rukunin farko, ɗaya cikin 43 a na biyu. Ninki huɗu ke nan da ɗoriya. Alamar ba ta da yawa, amma inda ta fi bayyana shi ne inda rai ke cikin haɗari.

Wani binciken a lardin Hubei na ƙasar Sin, wanda wani mai bincike mai suna Wu da abokansa suka buga a JAMA Ophthalmology a Maris 2020, ya duba majiyyata 38, aka sami 12 da matsalar ido. Gwajin jininsu ya nuna alamomin kumburin jiki sun fi na sauran hawa. Mutum 2 kawai aka gano ƙwayar cutar a ruwan idonsu. Ma'ana, sau da yawa ba idon ne cutar ta kama ba, wutar da ke ci a cikin jiki ce ta nuna kanta a ido.

Za a ce mini a wani asibiti a Madrid ta ƙasar Sifen an duba majiyyata 301, an sami 35 da jan ido, ba a ga alaƙa da tsananin cuta ba. Na karanta. Za a kuma ce wanda aka sa wa na'urar numfashi, aka kifa shi rubda-ciki, dole idonsa ya kumbura. Haka ne. Amma mu a nan me muke da shi? Ba mu da injin ɗaukar hoton ƙirji a kowane ƙaramin asibiti, kuma sakamakon gwaji kan ɗauki kwanaki. Duba ido kuwa kyauta ne: ka ja fatar ƙasan ido da ɗan yatsa mai safar hannu, ka haska tocila, ka ga ko jan ya game farin idon, ko farin ya kumbura kamar ya tara ruwa. Minti ɗaya bai cika ba.

Babban abin takaici shi ne ba mu rubuta namu ba. Lokacin da aka yi ta mace-mace a Kano a Afrilun 2020, sai daga baya aka bi iyalai ana tambayar yadda mamatan suka yi jinya. Yau ina tsaye a Ashige ina kafa hujja da alƙaluman Sin da Sifen, saboda a katin majiyyacinmu ba kasafai ake rubuta yanayin ido ba.

Shawarwarina uku ne, kuma ba yau na fara faɗinsu ba. Na ɗaya, duk mai zazzaɓi da tari a duba idonsa, a rubuta abin da aka gani. In akwai ja, a maƙala masa abin auna iskar jini a yatsa; in ya sauka ƙasa da 90, a tura shi babban asibiti a garin Lafiya nan take, kada a jira gari ya waye. Na biyu, masu kemis su daina sayar da maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid ba da takardar likita ba, iyaye kuma su bar ɗiga nono ko ruwan sukari a idon yara. Na uku, hukuma ta ba ma'aikaci tabarau na kariya tare da takunkumi. Li Wenliang, likitan da ya yi gargaɗi tun farko a Wuhan ta ƙasar Sin, likitan ido ne, kuma cutar ce ta yi ajalinsa ranar 7 ga Fabrairu 2020.

Wata annobar numfashi za ta sake zuwa, ko da wane suna. Kafin nan, ina roƙon jami'an lafiya na ƙaramar hukuma da ke zaune a nan su ƙara layi ɗaya na ido a katin majiyyaci.