Ina Gadi Zai Tsaya a Jirgin da Ba Shi da Direba?

 

Da sakatare ya ji kan maganata sai ya yi dariya, ya ce, "Kai mutumin Bukkuyum, ina ka san jirgin ƙasa?" Yana da gaskiya. Daga Anka har Gummi babu ko taku ɗaya na layin dogo. Iyayenmu sai sun je Gusau suke samun jirgin da ya taso daga Ƙaura Namoda, inda layin ya tsaya tun 1929. Amma duk wanda ya taɓa shiga motar haya ranar kasuwa ya san rabin abin da zan faɗa: direba yana kallon hanya, yaron mota yana bakin ƙofa yana kallon mutane.

Haka tsarin yake a jirgin da. Direba yana gaba a kan inji, gadi kuwa yana can taragon ƙarshe da usur, da tuta kore da ja, da fitila don dare. Ba raini ya sa aka kai shi baya ba. Daga nan ne yake hango tsawon jirgin duka, kuma akwai birki a hannunsa ko da taragai sun tsinke. In jirgi ya lalace a daji, shi ne zai sauka ya koma baya da ƙafa riƙe da jar tuta, don kada wani jirgin ya zo ya haye su.

To, yau akwai jiragen cikin gari da kwamfuta ke tuƙawa. Alal misali, a Landan akwai na Docklands da aka buɗe a 1987. Babu ɗakin direba sam, har yara kan yi rububin kujerar gaba don su yi kamar su ke tuƙi. Duk da haka ba a bar jirgin babu kowa ba. Kowane jirgi yana da ma'aikaci guda, kuma wurinsa bakin ƙofa ne, cikin fasinjoji. In aka tsaya a tasha sai ya leƙa ya tabbata kowa ya shiga, babu wanda ƙofa ta kama wa riga, sannan ya rufe ya sallami jirgin. Tsakanin tashoshi yana zagawa yana duba tikiti, yana amsa tambaya, yana kama wa tsoho da mai keken guragu. Akwai kuma wani akwati a kulle a gaban jirgin. Ranar da na'ura ta rikice, sai ya tashi fasinjan da ke wurin, ya buɗe, ya tuƙa da hannu bisa umurnin ɗakin kula da zirga-zirga. Wato mutum ɗaya ya zama gadi, ya zama mai tikiti, ya zama direban ko-ta-kwana.

Akwai masu cewa a zaunar da shi gaba kawai ya riƙa kallon layi. Ni dai ban ga hikimar hakan ba. Kwamfuta ta fi shi sanin tazara da lokacin taka birki. Abin da ba ta sani ba shi ne tsohuwar da ta sa ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje, tana jiran jikanta.

Mu nan gida ba mu kai can ba. Jirgin cikin garin Abuja da aka buɗe a 2018, ya tsaya, aka farfaɗo da shi a 2024, da na Legas mai lantarki da ya fara aiki a 2023, duk da direbobinsu. Amma tambayar inda ma'aikaci zai tsaya ta fi yi mana nauyi a kan mutanen Ingila, domin jiragenmu na dogon zango cikin daji suke ratsawa. Ba mu manta daren 28 ga Maris, 2022 ba, da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe wasu, aka sace da dama, na ƙarshensu ba su dawo ba sai Oktoba. Mu mutanen wannan yanki ba sai an fassara mana irin wannan dare ba. Ba na cewa mai duba tikiti zai tare bindiga. Sai dai in jirgi ya tsaya cikin duhu, ko hari ne, ko gocewa, ko inji ne ya mutu, fasinjan tarago na bakwai yana bukatar wanda zai ce masa kwanta, ko sauka ta nan, ko zauna ba komai. In ma'aikata sun taru wuri guda suna hira, wa zai faɗa masa?

Shawarata ita ce a raba su, kowa da taragansa, sunansa a rubuce, da na'urar magana a hannu, a kuma koya musu taimakon gaggawa. A sa mata a cikinsu, domin akwai larurar da uwargida ba za ta faɗa wa namiji ba.

An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda aka tsara ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ƙannenmu da ke zaune can baya, cikinku akwai masu iya neman aikin reluwe, ku same ni bayan salla mu yi magana.